Kwana Biyar da Burauzar Madam Rifkatu

Kusan duk wata sai wani saurayi ya shigo shagona a Kubwa ya ce yana son koyon gyaran kwamfuta, amma wata uku kacal gare shi. In na tambayi dalili, sai ya ce ai ya riga ya kalli yawancin aikin a bidiyo a wayarsa, ɗan abin da ya rage ne zai ƙarasa a wurina. Ba na musu da kowa. Tambaya ɗaya nake yi: in aka kawo maka kwamfuta da ciwon da ba ka gane ba, me za ka yi? Har yau amsar ba ta canja ba. "Sai in yi mata fomatin, Oga." Wato a share duk abin da ke cikinta, a sake zuba mata manhaja daga farko. To, ku masu wannan amsa, ku gyara zama in ba ku labarin mutumin da ya yi wa kwamfuta goma sha biyu fomatin cikin kwana biyu, ya wayi gari ya tarar da ciwon yana nan daram. Ni ne mutumin, kuma a lokacin na haura shekara goma sha biyar a sana'ar.

Sunana Haruna, amma tun ranar da na fara rataya jakar kayan aiki ake kirana Injiniya. Sau biyu na taɓa shiga jami'a, duka biyun gyaran firinta ya kai ni. A Masaka na koyi aiki, wurin Oga Bulus, wani mutumin Filato mai ƙaramar murya da ba ya son a maimaita masa tambaya. Shekarata ta farko buroshi da abin hura iska kawai na riƙe. Da ya yarda na kama sukundireba, aikin farko da ya ba ni laftof ɗin wani fasto ne mai yin zafi. Na kwance, na share fanka, na mayar, ya kunnu lafiya lau. Sai dai kusoshi uku sun yi saura a kan benci. Na duba hagu, na duba dama, na jefa su aljihu. Da yamma Oga Bulus ya ɗaga laftof ɗin, ya jijjiga shi a kusa da kunnensa, ya miƙo mini tafin hannu ba tare da ya kalle ni ba.

"Kawo su."

"Me, Oga?"

"Guda uku ne. In huɗu ne ma ka faɗa."

Ranar sai da na kwance laftof ɗin nan sau huɗu kafin kowace kusa ta koma raminta.

Abin da Oga Bulus ya fi ji da shi a shagon wata jaka ce cike da faifai, kowanne da manhajar da ya tara shekara da shekaru. Akwai masu kashe bairos, akwai masu dawo da abin da aka goge, amma yawancinsu direbobi ne. Direba a wurinmu ba mai tuƙa mota ba ne. 'Yar manhaja ce da ke yi wa kwamfuta tafinta da firinta ko sikirin ko lasifika. Da ya yaye ni ya ba ni kwafin duka. Na ƙara nawa a kai, daga baya na zuba su a filashi guda, na saƙala masa igiya, nake rataye shi a wuya. Ina alfahari da filashin nan. Ko ina na je ba na jiran intanet, ba na roƙon kowa. In zura, in danna, aiki ya tafi.

Game da kwastoma kuwa, abu ɗaya za ku ji daga bakin kowa, daga darakta har mai sayar da katin waya: "Ban taɓa komai ba." Wata mata ta taɓa kawo mini laftof tana rantsuwa haka kawai ya mutu, na buɗe na tarar da kunun gyaɗa ya bushe a ƙarƙashin kibod. Wannan mai sauƙi ne. Kwamfutar da ta mutu murus ba ta wahalar da mai gyara, don tana nan kwance sai ka gama bincikenka. Wadda ke tona asiri ita ce mai ciwon zuwa da tafiya. A gaban mai ita tana shure-shure, kana shigowa ta nutsu kamar ba ita ba.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda aka fito da sabuwar babbar manhaja, wadda ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗayanta, aka ce tsohuwar za a daina kula da tsaronta. Na bi kwastomomina ɗaya bayan ɗaya na ce su sabunta, kuma da hannuna na sabunta musu. Shawarar daidai ce, ko yau ita zan bayar. Amma daga nan wayata ba ta sake hutawa ba. Wani ofishi a Wuse suka ce burauzarsu, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, tana rufe kanta. Na je sau uku, a na huɗu maigadi ya ce an ce kada in wahalar da kaina. Wani ofishin lauyoyi a Garki su ma suka nemi wani. Babbar kwastoma ɗaya ta rage mini, Madam Rifkatu.

Madam Rifkatu 'yar Kudancin Kaduna ce, tana da shago kusa da tashar motocin shiga gari, inda ake cika wa mutane fom na neman aiki da na makaranta. Kwamfuta goma sha biyu ne a jere, kowace da lambarta a manne. A lungu akwai wani babban inji mai yin firintin da fotokofi da sikanin, an haɗa shi da dukkansu. Gefen injin nan Mama Talatu take zama. Tsohuwar mai buga takardu ce a wata ma'aikata, ta yi ritaya ta ga zaman gida ba zai yi mata ba. Tana buga rubutu idonta na kan kwastoma, ba ta kallon kibod, kuma ba ta da yawan magana.

Ranar wata Litinin da safe Madam ta kira ni.

"Injiniya, abeg ka zo yanzu. Wannan burauza yana mutuwa anyhow. Mutum yana cika fom, sai fiu, ya ɓace."

Makon ba na wasa ba ne. Wata makarantar koyon aikin jinya ta buɗe shafin neman gurbi, za a rufe ranar Juma'a ƙarfe huɗu na yamma. Fom ɗin shafi biyar ne, kuma ba ya ajiye abin da ka rubuta sai ka kai ƙarshe. In burauza ta rufe kana shafi na huɗu, sai ka koma kan sunan mahaifi. Na tarar da layi har bakin titi. Na tsaya na kalla. Babu saƙon gargaɗi, babu ƙara, tagar burauzar kawai take ɓacewa. Wani lokaci a kwamfuta ɗaya, wani lokaci uku a tare, wani lokaci a yi rabin awa shiru.

Na fara da abin da kowa ke farawa da shi. Na share tarkacen da burauza ke tarawa. Na cire ƙananan abubuwan da ake liƙa mata. Na goge ta na saka sabuwa. Na kawo wata burauzar daban, ita ma ta faɗi a gabana. Ina cikin haka Mama Talatu ta yi gyaran murya.

"Haruna, ni fa na lura kamar in aka ɗaga murfin injin nan..."

"Mama," na ce da murmushi irin na masu ilimi, "fotokofi daban, intanet daban. Ki bar mini wannan."

Ta ce to, ta juya ga aikinta.

Ƙarfe shida aka rufe shago. Na zauna ni kaɗai da kwamfutocin, na buɗe shafuka goma-goma a kowace, har aka kira magariba ko ɗaya ba ta motsa ba. Na kira Madam na ce an gama.

Talata kafin ƙarfe tara ta sake kirana. A ranar na raba laifi ga duk wanda ya gifta. Na fara da zafi, aka ƙaro fanka biyu. Na ce ram ne, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, na ciro na goge na musanya tsakaninsu. Na ce wutar janareto ce ba ta tsayawa daidai, aka kira mai gyaran janareto, wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, Madam ta wanke shi tas a gaban jama'a. Na ce masu ba da sabis ɗin intanet ne, ta kira su ta yi musu nasu. Da la'asar na yanke hukunci cewa bairos ne, kuma a filashin kwastomomi yake shigowa. Na sa aka buga sanarwa da manyan baƙaƙe aka manna a ƙofa: an hana zura kowane filashi a shagon nan. Mama Talatu ce ta buga. Filashi ɗaya ne dokar ba ta hau kansa ba, wanda ke wuyana.

Laraba na ɗauko maganinku, fomatin. Na raba su shida-shida don kada shago ya tsaya. Kowace na share ta fes, na zuba mata sabuwar babbar manhaja, sannan na zura filashina na saka mata direbobi. Na farko da nake sakawa kullum shi ne na babban injin nan, don shagon fom ba ya aiki sai da firinta.

A ranar na fara lura da Baba Danjuma. Manomin doya ne daga Paikon Kore, dogo, da hula a hannu maimakon a ka. Ya rako 'yarsa Ladi, wadda ta gama sakandare tana son aikin jinya. Ƙanwarsa da ke zaune a Kubwa ce ta ce masa kada ya kai fom ɗin ko'ina sai shagon Madam, nan ne ba a kuskure. Sun hau mota uku kafin su iso. Sau biyu Ladi tana kaiwa shafi na huɗu, sau biyu taga tana ɓacewa. Da aka tashi rufewa Baba ya tako wurina.

"Malam, an ce kai ne likitan wannan abu."

"Ni ne, Baba."

"Gobe ba zan iya zuwa ba, akwai aiki a gona. In mun dawo jibi zai yi?"

"Baba, jibi ko minti goma ba za ku yi ba."

Alhamis na gama sauran shidan. Da yamma bayan an watse na gwada duka goma sha biyun, suka yi aiki kamar yau aka fito da su daga kwali.

Juma'a ƙarfe goma saura, lamba huɗu ta faɗi. Lamba tara ta bi ta. Madam ba ta ɗaga murya ba, kuma wanda ya san ta ya san gara ta ɗaga. Ta jawo ni bayan kantar shagon.

"Injiniya, mutanen nan sun yarda da ni ne suka zo. In by four yaran nan ba su shiga ba, ba za su ce kwamfuta ba ne, za su ce Rifkatu ne. Kai kuma ka ɗauki jakanka, mun gode."

Na buɗe wannan, na rufe wancan, har lokacin masallaci ya yi. Da na dawo wajen biyu da rabi, wasu sun gaji sun tafi neman wani shagon, inda layin ya ninka namu. Burauzar Ladi ta sake faɗuwa sau ɗaya. Baba Danjuma yana zaune a benci da hularsa a gwiwa, ya bi ni da ido daga ƙofa har kujera.

Sai Mama Talatu ta miƙe. A shekarun da na san ta ban taɓa ganin ta bar kujerarta da rana ba.

"Haruna, zo nan. Ba magana zan yi ba, tunda ka hana. Tsaya a nan. Kalli lamba bakwai."

A lamba bakwai wani saurayi yana ɗora hoton fasfo. Babban injin yana barci, fitilarsa a kashe, don in ya yi minti biyar ba a taɓa shi ba yakan kwanta. Mama ta ɗaga murfin, ta danna koren maɓalli. Injin ya yi gurnani ya farka. Kafin in ƙifta ido burauzar lamba bakwai ta ɓace, ta lamba biyu ta bi ta.

"Dacewa ce kawai, Mama," na ce.

"To."

Ta harɗe hannu. Muka tsaya ni da ita muna kallon inji kamar masu jiran mara lafiya ya yi barci. Da fitilar ta mutu ta sake ɗaga murfin. Lamba biyar ta tafi. Sannan ta buɗe jakarta ta ciro wata tsohuwar ambulan. A bayanta ta ja layi biyu: gefe ɗaya lokacin da injin ya farka, ɗaya gefen lokacin da wani ya yi salati ko ya kira sunan Yesu a gaban kwamfuta. Tun Litinin take rubutawa. Babu inda gefen biyu suka saɓa.

Kowace kwamfuta tana da wani littafi a cikinta da take rubuta duk abin da ya same ta, da lokacin, da sunan abin da ya jawo. Ranar Litinin ya kamata in buɗe shi. Ban buɗe ba, don na riga na san amsa, sau biyar ma na san ta. Na buɗe na lamba bakwai. Ga sunan mai laifin nan a rubuce, layi bayan layi: tsohon direban injin fotokofi. An yi shi ne don tsohuwar babbar manhaja. Duk sanda injin ya farka yakan aika wa kwamfutoci sanarwa cewa ya tashi, direban ya yunƙura ya leƙa da ɗan saƙonsa, sabuwar manhajar ba ta gane yarensa ba, sai ya faɗi ya ja duk burauzar da ya tarar tana tsakiyar aiki. Da yamma in ina gwaji ni kaɗai babu mai yin fotokofi, injin yana barci, shi ya sa kullum nake cin jarrabawar da na shirya wa kaina.

Ƙarfe uku da kwata. Na cire direban daga lamba bakwai kaɗai, na sauko da sabo daga intanet, na ce, "Mama, a sake." Muka jira injin ya kwanta, ta tashe shi. Ta uku ta faɗi, ta bakwai ko gezau. Mama ba ta jira umarnin kowa ba, ta ja kujerar lamba bakwai ta zauna, ta yafito Ladi.

"Zo, 'yata. Karanto mini, ni zan buga. Sunan mahaifi?"

Ni kuma na bi sauran da gudu ina cirewa ina sakawa, Madam tana tura mutane kan duk wadda na gama. Ban taɓa ganin yatsu suna tafiya kamar na Mama a ranar ba. Huɗu saura kwata injin ya tofo takardar shaidar Ladi. Mutum biyu ne a cikin waɗanda suka tsaya lokaci ya ƙure musu, shafin ya rufe suna tsakiyar cikawa. Ɗayansu yarinya ce da ta zo tun Talata. Ta naɗe takardunta ta fita ba ta kalli kowa ba. Wannan ba ya cikin abin da ake gyarawa da sukundireba.

Baba Danjuma ya zo ya kama hannuna da hannu biyu.

"Malam, Allah ya ƙara maka ilimi. Na ga yadda kake gudu."

"Baba, ba ni ba ne. Mama ce ta gano."

Ya yi dariya, ya juya ga Ladi. "Kin gani? Babban mutum ba ya yabon kansa." Bayan mako biyu ya aiko mini da doya shida ta hannun ƙanwarsa. Na kai wa Mama. Ta ɗauki uku ta ce in tafi da uku, ai na yi gudu.

Madam kuwa ta ji abin da na faɗa wa Baba, kuma ba ta ɗauke shi a matsayin tawali'u ba. A ranar, da shago ya yi sauƙi, ta zauna a gabana.

"Wannan abu da ka cire, wa ya sa shi?"

"Ni ne, Madam."

"Yaushe?"

"Shekara bakwai ke nan, ranar da aka kawo injin."

"Amma ka yi fomatin. Ka ce fomatin yana share komai."

"Ya share. Na sake sakawa."

"Daga ina?"

Na nuna wuyana. Ta dubi filashin, ta dubi sanarwar da ke manne a ƙofa. Can ta ce, "Gobe ka je ka ba mai janareto haƙuri. Da bakinka, ba a waya ba."

Na je. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce in maimaita don maƙwabcinsa mai walda bai ji da kyau ba. Daga nan na wuce Wuse, ofishin da suka sallame ni, don na tuna irin injinsu ɗaya da na Madam, kuma ni na haɗa musu. Na ce wa maigadi na zo da maganin matsalarsu. Ya ce ai an daɗe da gyarawa, sabon injiniyan cikin awa ɗaya ya gano, wai wani sakarai ne ya saka musu tsohon direba. Na ce Allah ya kyauta, irinsu sun yi yawa a garin nan.

Madam ba ta kore ni ba, har yau ni nake mata aiki. Tsarin ne dai ya canja. Mama Talatu ta bar shagon bara, ƙafa ta matsa mata, tana zaune wurin ɗanta a Dutse Alhaji. Makon jiya wayata ta yi ƙara.

"Injiniya, lamba shida yana kashe kansa."

"To Madam, bari in zo in duba in ga mene ne."

"Ba sai ka duba ba. Na kira Mama, ta tambaye ni tambaya uku. Ta ce tunda aka matsar da teburin jikin bango ya fara, iska ne ba ya samu, kuma fankan ciki ya toshe. Kai dai ka zo da buroshi."

Na ɗauki buroshi na tafi. Fankar ce.